Shanya a Hanyar Masu Keke

Mutum uku ne a cikin wannan labari, kuma ciki ɗaya suka fito. Babbansu Malam Bawa, mahaifina, manomin shinkafa ne mai gona a fadamar da ke tsakanin Birnin Kebbi da Ambursa, kuma tun da na yi wayo ban san shi da wani abin hawa ba sai keke. Mai bi masa shi ne Bappa Sahabi, ubangidana a sana'a, wanda ya shafe shekarunsa yana zuba kankare: bulo, murafun kwalbati, dakalin gefen titi da turakun tare motoci. Autarsu ita ce Gwaggo Hajo, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gona ɗaya da 'ya'ya huɗu. Ni Nasiru ne, ɗan Malam Bawa. Na shiga hannun Bappa tun ina sakandare, na riƙa komawa wurinsa duk hutun jami'a, kuma yau ni ke riƙe da filin aikinsa.

Samari kan zo mini neman koyo. Su tsaya su dubi turakun da ke jere a inuwa, su dubi juna, sai mai baki a cikinsu ya ce ai siminti ne da yashi da ruwa. Ba na musu da su a tsaye, domin aikin ba ya jira. Na rubuta wannan ne saboda su.

Aikin farko da Bappa ya tafi da ni, zuba murafun kwalbati ne a Argungu. Na yi zaton cokalin gini zai ba ni. Sai ya kai ni bakin gulbi inda masu jakuna ke ɗibar yashi, ya ce in damƙi yashin kowane tudu in buɗe hannu. Wanda ya bar tabo a tafin hannu da laka a cikinsa, kuma laka ba ta barin siminti ya kama. Wanda ya zube ya bar hannu fes, shi ake saya. Daga yashi ya mayar da ni wanke tsakuwa, daga nan kuma shafa baƙin mai a cikin mazubi, wato akwatin ƙarfen da ake zuba kwaɓin a ciki, don kada kankare ya manne. Na daɗe kafin ya yarda in riƙe shebur. Ko da ya yarda, abin da ya fi sa mini ido a kai shi ne zungura. Idan an juye kwanon sarki a mazubi, sai a ɗauki guntun rodi a yi ta zungurar kwaɓin har iskar da ta maƙale ta fita. Wanda ya yi kasala a nan ba a gane shi ranar, sai an buɗe mazubi a ga ramuka kamar saƙar zuma.

Sai ban ruwa, wanda shi ne rabin sana'ar. Kankare ba bushewa yake yi ba, nuna yake yi, kuma da ruwa yake nuna. Ana lulluɓe shi da buhun algarara, a jiƙa safe da yamma, a hana rana ganinsa har sai ya ƙoshi. A aikin nan na Argungu, mai kwangilar ya turo mota tun murafun ba su kai ba, ya ce a loda.

Bappa ya ce masa, "Alhaji, ba su nuna ba."

"Sahabi, shinkafa ce da za ta nuna? Ga su nan kamar dutse."

Bappa ya ɗauki guntun rodi ya ƙwanƙwasa wani tsohon murfi, ya yi ƙara siririya kamar an taɓa kwano. Ya ƙwanƙwasa sabon, ya amsa da murya a dushe. Ya ce, "Ka ji shi da kunnenka. In ka matsu ka ɗauka, amma kak ka hwaɗa ma kowa ni na zuba." Alhajin ya yi faɗa ya gaji, motarsa ta koma ba kaya. Daga baya shi ne ya riƙa turo mana mutane.

Turaku kuwa, hanyar gidanmu ce ta kawo su. Shiyarmu tana bakin gari, daidai inda titin da ya taso daga Argungu ya biyo ta Ambursa yake shiga Birnin Kebbi. Da safe gefen kwaltar na masu keke ne: manoma masu sauka fadama da fartanya a ɗaure, ɗalibai, masu kai alayyafo da kifi kasuwa. A kan kwaltar kuma akwai manyan motoci ɗauke da albasar Augie, masu tafiya a hankali, da ƙananan motocin haya waɗanda ba su da haƙurin bin bayansu. Idan direba ya ga ba hanya ta hagu, sai ya zuro ta dama, ta kan gefen da masu keke ke bi.

Hukuma ta taɓa ja farin layi a wurin, aka ce daga layin zuwa lambatu na keke ne. Fenti bai taɓa tare mota ba. Matasan shiya suka jera duro cike da yashi, aka wayi gari an zubar da yashin an tafi da duro. Suka binne tsofaffin tayoyi rabi da rabi, motoci suka murƙushe su. A cikin wannan hali wata motar haya ta goge mahaifina da madubi, ya faɗa lambatu, ya karye a wuyan hannu. Ya yi jinya, mai ɗori ya kwance masa karan, washegari ya sa aka hura masa taya.

Bappa ya zo gida ya same shi yana share sarƙa. "Yaya, ka aje keken ga. Ni ka biyan kabu-kabu kullum shi kai ka shi maido ka."

Mahaifina bai ɗaga kai ba. "In hau bayan yaron da anka haihwa gabana, shi yi ta gudu da ni kamar buhun gero? Keken ga ya girme shi."

"To sai ka mutu bisa hanya?"

"Kai da ka iya zuba dutse, ka zuba wanda za shi tare motocin ga mana."

Bappa ya ɗauki maganar da gaske, ko da yake da wasa aka faɗe ta. Ya bi dattawan shiya, su kuma suka bi ofisoshi har aka ba da izini. Masu hali suka kawo siminti, masu jakuna suka kawo yashi, mu muka sa hannu. Abin da yake nema ɗaya ne, kuma bai ɓoye wa kowa ba: yayansa ya sauka fadama ya dawo ba tare da mota ta taɓa shi ba.

Ban taɓa ganin ya kula da wani aiki kamar turakun nan ba. Kowane turke akwai rodi huɗu a cikinsa, ɗaure da waya. Tsayinsa a sama ya kai ƙugun mutum, kuma kashi ɗaya cikin uku nasa yana binne a ƙasa, cikin ramin da muka haƙa da diga muka cika da kankare. Bappa kan ce turken da ba rodi ado ne, kuma wanda gindinsa bai nutse ba, akuya ma ta isa ta kayar da shi. Muka ja igiya don layin ya miƙe, muka shafa fenti ja da fari. Ranar da aka gama, mahaifina ya bi hanyar daga bakinta har ƙarshe yana kaɗa ƙararrawa, ba kowa a gabansa. Mai faci da ke zaune a ƙarƙashin dogon yaro ya ɗaga masa hannu ya ce, "Malam Bawa, yau kai na gwamna."

Motoci sun ji tsoron turakun. Biyu ko uku sun gwada, suka tafi da hancinsu a lotse. Waɗanda ba su ji tsoro ba su ne 'yan kabu-kabu, masu baburan haya. Tsakanin turke da turke akwai tazara, kuma da zarar titi ya cunkushe sai su kurɗo ta nan, su yi gudu a hanyar keke, su sake fita ta wata tazarar. Wani ya buge wata yarinya 'yar makaranta, Allah ya kiyaye ba ta karye ba. Bappa ya yi kwanaki yana tsayawa a bakin titi yana kallo. Daga nan ya ce mu zuba dakali mai tsayin rabin ƙwauri tsakanin kowane turke da na gabansa, tun daga bakin hanyar har ƙarshenta. Muka zuba, muka ba shi ruwa ya ƙoshi. Hanyar ta zama ba a shigarta sai ta baki, ba a fita sai ta ƙarshe. 'Yan kabu-kabu suka haƙura, kowa ya ce aiki ya cika. Ni ma haka na ce.

Damina biyu muka yi lafiya. Iyaye suka saki 'ya'yansu su tafi makaranta a keke. Aka zo daga wasu shiyoyi ana tambayar Bappa nawa zai yi musu irinta.

Ta uku ita ce mummunar shekara. Ruwa ya yi yawa, gulbi ya cika ya haura, fadama ta zama tafki daf da girbi. Wanda ya jira shinkafarsa ta bushe a tsaye bai sami ko ƙwaya ba. Mutane suka shiga da kwale-kwale da lauje suna yankan abin da ya leƙo saman ruwa. A filinmu ma aiki ya tsaya, domin wuraren ɗibar yashi sun nutse, kuma damshi ya daskarar mana da simintin da muka ajiye. Amma wahalarmu ba ta kai ta manoma ba. Shanshera, wato shinkafar da ke cikin ɓawonta, idan aka yanke ta a jiƙe aka bar ta a buhu, zafi take ɗauka ta yi baƙi ko ta tsira. Dole a shanya ta nan take, ga shi masussukai duk suna ƙarƙashin ruwa, tsakar gidaje kuma laka.

Shanya a gefen kwalta ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Abin da ke hana ta yawa shi ne tayar mota, wadda ke niƙe hatsin ta watsar da shi. To ga wuri mai kwalta, a tudu, rana na dukansa, an kuma kewaye shi da dakalin da mota ba ta haurawa. Da gangan ma ba za a iya gina wurin shanya da ya fi shi ba. Wadda ta fara zubawa ita ce Gwaggo Hajo, domin gidanta ne ya fi kusa, kuma abin da ta ceto daga gonarta shi ne abincin 'ya'yanta na shekara. Wasu suka gani suka biyo. Kafin a ankara, daga bakin hanyar ta wajen fadama har kusan kashi ɗaya cikin uku nata ya rufe da shinkafa, mata da yara na zaune a kan dakali suna motsa ta da ƙafa suna korar awaki.

Abin da baƙo ba zai gane ba shi ne, babu mai keken da zai bi ta kai. Ba doka ce ta hana ba. An raine mu a kan cewa ba a taka abinci. Ƙwaya ɗaya ta faɗi, a duƙa a ɗauke ta. Mai motsa shanya da ƙafa aiki yake yi, wannan daban. Amma a ɗora taya a kan abincin wani a wuce, ba na jin akwai ɗan fadamar da zai iya. Saboda haka masu keke suka riƙa zuwa bakin hanyarsu, su ga shanya, su karkata su koma cikin motoci.

Bappa ya je gidanmu da yamma, ya tarar da Gwaggo a can. Ina zaune a ƙofar ɗaki ina jin su.

"Hajo, ki kwashe shinkahwag ga. Ba don shanya anka yi wurin ba."

"In kai ta ina, Yaya Sahabi? Bisa kaina?"

"Ki kawo hilina."

"Hilinka da ruwa ya kwanta har ƙwauri? Ko bisa bulo za ni jera ta ƙwaya ƙwaya?"

Mahaifina ya sa baki. "Bar ta, Sahabi. In ka kore ta, sai ka kori duk matan shiya. Kwana nawa na? Rana ta hito sau uku, sun kwashe."

"Kai hwa? Ina za ka bi?"

"Inda nike bi kahin ka zuba turakunka. Ban manta hanya ba."

Bappa ya juya wurina ya ce, "Ka ji su ko? Ɗaya ta hi ɗaya taurin kai." Gwaggo ta yi dariya ta ce ai gado ne, shi ma ba a bar shi a baya ba. Aka kawo tuwo suka ci tare.

Rana ba ta fito sau uku a jere ba. Ta fito, hadari ya taso, a kwashe a rufe da tamfol, ta sake fitowa a sake zubawa. Shanyar ta yi ta jan kwanaki.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Mahaifina ya sauka fadama tun da asuba ya taya Gwaggo yankan sauran abin da ya rage, ya ɗaura buhu ɗaya na jiƙaƙƙiyar shanshera a bayan keke ya nufo gari. Ya zo bakin hanyar, ya ga shanya, ya bi ta waje. Ya wuce inda shanyar ta ƙare. Daga nan har ƙarshe hanyar keke fayau take, ba kowa a cikinta, tana nan daf da hannunsa na dama. Amma dakali ya raba shi da ita, kuma dattijo mai karyayyen wuyan hannu ba ya ɗaga keke da jiƙaƙƙen buhu ya tsallakar da su. Sai ya ci gaba da tafiya a jikin turakun, yana jiran ƙarshen layi.

Mai faci ne ya ga sauran. Wata babbar motar albasa tana tafe a hankali, a bayanta wata ƙaramar motar haya. Direban ƙaramar, waya na kunnensa, ya leƙa ta hagu ya ga mota na zuwa, sai ya zuro ta dama. Ya tarar da mahaifina a wurin. Babu inda mai keke zai kauce, domin a gefensa turke ne.

Ina filin aiki ina fasa daskararren siminti aka zo aka kira ni. Na tarar an sa shi a mota, kuma bai kai asibiti ba. Da na dawo ɗaukar keken, na duba turken da aka matse shi a jiki. Fentin ya goge, kusurwa ɗaya ta ɗan ɓantare. Na girgiza shi, bai motsa ba.

A zaman makoki an yi maganganu iri iri. Wasu suka ce turakun ne suka kashe shi, a tumɓuke su. Wasu suka ce laifin masu shanya ne. Mai faci ya ce da wanda ke riƙe da sitiyari ya ajiye waya ya bi layinsa, da ba a zauna wannan zama ba. Bappa kuwa ya ci gaba da amsa gaisuwa. Matan shiya sun kwashe shanyarsu tun ranar, ba wanda ya ce musu su kwashe. Ta Gwaggo ce kaɗai ta rage. Aka aika mata cewa hadari na tasowa, ta ce a bar ta. 'Ya'yanta suka tashi za su je, ta hana. Ruwa ya sauka a kanta, ya sake sauka, har ta tsira ta yi kore shar a jikin dakalin. Mutane na wucewa suna kauce mata, sai awaki ne suka cinye.

Bayan sadakar uku Bappa ya ɗauki guduma da cizal ya fita. Na bi shi da diga, ya ce in mayar. Ya fara daga daidai inda shanyar ta ƙare, ya durƙusa yana fasa dakalin da ke tsakanin turaku biyu. Ƙofa yake buɗewa, wadda keke mai kaya zai shiga ba sai an ɗaga shi ba. Kankaren ya sha ruwa ya ƙoshi, ga rodi a ciki, cizal na tsalle yana dawowa. Wasu samari suka ce ya kawo su karɓe shi.

Ya ce, "Ni na zuba shi."

Ya yi makonni yana wannan aiki shi kaɗai, ƙofa bayan ƙofa, har ƙarshen hanya. 'Yan kabu-kabu sun dawo suna kurɗawa ta wasu daga ciki, ya gani, bai toshe ba. Ya dai sa muka kafa ɗan gajeren turke a kowace ƙofa ta ciki, yadda dole mai shiga ya rage gudu ya karya kwana. Da rani ya shigo, dattawa suka ba da wani fili a tudu bayan makaranta, muka zuba faffaɗan daɓen kankare don shanya. Wannan ne aikinsa na ƙarshe. Kafaɗarsa ta dama ba ta sake ɗaga shebur ba. Ya miƙa mini makullin rumfa da mazubai, ya koma zama a gida, kuma har ya rasu ban ji ya ambaci turke ba.

Har yau ina zuba su, domin fenti ba ya tare mota, kuma yaran da ke bin hanyar nan zuwa makaranta suna isa. Yashin da nake saya shi ne wanda ba ya barin tabo a hannu, rodi huɗu ne, ban ruwa safe da yamma. Abin da na ƙara ɗaya ne. Idan wata shiya ta kira ni aiki, ba na auna wurin in tafi. Ina tambaya a ina suke shanya idan fadama ta cika, a ina ake ɗaure dabbobi ranar kasuwa, a ina ake shimfiɗa tabarmi idan an yi rasuwa ko suna. Duk wurin da ka kare daga mota, ka kare shi ne ga kowa, kuma mai buƙata zai zo. Idan babu wurin shanya, shi nake cewa a fara zubawa. Kuma ba na zuba dakali mai tsawo ba ƙofa, ko nawa za a biya. Wasu masu ba da aiki suna ganin ɓata lokaci ne, su kai wa wani. Samarin da ke koyo a wurina ma sukan yi murmushi idan na sa su zauna a bakin titi wuni guda suna kallo, ba shebur ba kwano. Ga dalilin nan na faɗa musu.

Abin da aka rasa a shekarar, a iyakar shiyarmu da hanyarmu: mutum ɗaya, keke ɗaya, buhu biyar na shanshera har da wanda ke bayan keken, dakali goma sha ɗaya da mai shi ya fasa da hannunsa, da kafaɗar magini ɗaya. Turke ko ɗaya bai karye ba.